Gyaran birane a Nijar: daga Niamey Nyala zuwa Zinder Sabuwa

Tsakanin shekarar 2011 da 2021 gwamnatin Jamhuriyar Nijar ta gudanar da wani babban shiri na sake fasalin manyan biranenta. Shirin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne na babban birnin ƙasar, wanda aka raɗa wa suna Niamey Nyala, wato Yamai mai ado a harshen Zabarmanci. Na biyu kuma shi ne bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba, wanda aka riƙa kai wa babban birnin jiha ɗaya a kowace shekara, a zuba wa garin ayyuka kafin ranar ta zo. Matafiyin da ya daɗe a Kumasi ko Kwatano, ya koma gida ya tarar da sababbin tituna da fitilu a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, galibi aikin wannan shiri ne ya gani.

Abin da ya bambanta tsarin Nijar shi ne yadda aka ɗaure gyaran gari da ranar biki. Ranar ce ke yanke wa aiki wa'adi, kuma ita ce a fakaice ke zaɓen abin da za a gina da abin da za a bari sai wani jiƙon.

Asalin karɓa-karɓa

A ranar 18 ga Disamban 1958 aka ayyana Nijar a matsayin jamhuriya, tun tana ƙarƙashin inuwar Faransa, kafin cikakken 'yancin kai na ranar 3 ga Agustan 1960. Shekaru da dama a Yamai ake yin babban bikin ranar. Amma dabarar zagayawa da taron ƙasa daga jiha zuwa jiha tsohuwa ce a Nijar. A zamanin Janar Seyni Kountché aka fara gasar kokowar ƙasa ta neman takobi, a Tawa a 1975, kuma tun daga lokacin jihohi ke karɓar ta bi da bi. Haka bikin matasa na ƙasa ya riƙa zagayawa a zamanin Samariya. Yawancin filayen kokowa da gidajen raya al'adu na manyan biranen jihohi sun samo asali ne daga irin wannan karɓar baƙi.

Shugaba Tandja Mamadou ne ya ɗora bikin ranar jamhuriya a kan wannan turba. An fara da Damagaram a 2006, kuma a Tilaberi aka yi bikin cikar jamhuriya shekara 50 a 2008. Juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 ya katse zagayen. Da Mahamadou Issoufou ya hau mulki a 2011 sai ya fara da Yamai, sannan a 2014 ya farfaɗo da bikin jihohi, a wannan karo da kuɗi masu yawa da kuma suna na musamman ga kowane gari. Doso ta buɗe fage da Dosso Sogha a 2014. Sai Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018, Tillabéri Tchandalo a 2019. Na Difa, Diffa N'Glaa, an tsara shi ne a 2020, amma aka ɗage shi zuwa 2021, lokacin da Mohamed Bazoum ya riga ya karɓi mulki. Sunayen kansu suna faɗin manufa. Kolliya ita ce kwalliya da rubutun Faransanci, Saboua kuma sabuwa, sauran ma kusan duk ma'anarsu ba ta wuce kyau da ado ba a harsunan yankunan.

Yadda ake tsara aikin

Kimanin shekara guda kafin biki aka riƙa naɗa kwamiti, yawanci a ƙarƙashin wani minista ko babban ɗan siyasa ɗan asalin jihar. Kwamitin ne ya riƙa jera ayyuka, baitulmalin ƙasa ya ɗauki kaso mafi tsoka, a kuma nemi kamfanonin gwamnati da bankuna da attajiran yankin su gina masauki ko ofishi ko su ƙawata wani shataletale. Jerin ayyukan kusan iri ɗaya ne a ko'ina: babban titi mai faɗi inda sojoji za su yi fareti, rumfar manyan baƙi a gefensa, gyaran filin jirgin sama, masaukin shugaban ƙasa da rukunin gidajen baƙi, filin wasa, filin kokowa, gidan raya al'adu, wasu kilomitoci na kwalta a cikin gari da fitilu masu aiki da hasken rana.

Tsarin yana da amfanin da bai kamata a raina ba. A ƙasar da kusan komai ke taruwa a babban birni, wannan ce hanya ɗaya da ta tilasta wa gwamnati ta kashe kuɗi masu kauri a garuruwan da ke nesa da Yamai, Difa ma da ke da nisan fiye da kilomita 1,300 ta samu rabonta. Wa'adin da ba ya ɗaguwa yana kuma hana aiki yin barci a aljihun tebur. Ɗan kwangilar da ya san shugaban ƙasa da baƙinsa za su bi ta kan titinsa ranar 18 ga wata ba ya wasa da lokaci.

Sai dai gaggawar tana da tsada. Ƙungiyoyin farar hula da 'yan adawa sun sha sukar yadda ake ba da kwangiloli kai tsaye ba tare da gasa ba, da hujjar cewa lokaci ya ƙure. Ayyukan da ba a kammala ba kafin biki sukan shiga wani hali da zarar baƙi sun watse, domin hankalin gwamnati da kuɗinta sun koma kan garin da ke biye. Wasu 'yan kwangila sun daɗe suna bin bashin aikin da suka gama. Babban misalin aikin da aka yi wa gudu shi ne layin dogo daga Yamai zuwa Doso, mai tsawon kusan kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa. An so jirgin ya isa Doso a kan bikin 2014, hakan bai samu ba. An kammala layin daga baya, rikicin shari'a kan wanda ke da haƙƙin haɗa shi da Benin ya tsayar da komai, kuma jirgin bai taɓa zama abin hawan jama'a ba.

Yamai: gadoji da taron 2019

Niamey Nyala ya fi na jihohi daɗewa, kuma an kafa masa hukuma ta musamman. Abin da aka fi gani a cikinsa shi ne gadojin sama. Ta farko, a kan titin Mali Béro, an buɗe ta a 2013. Ta biyu tana shataletalen Shahidai, ta uku kuma mai sunan Diori Hamani, kusa da kasuwar Katako, an buɗe ta a 2018. A kan kogin Kwara, birnin ya shekara 40 da gada ɗaya tak, gadar Kennedy ta 1970, kafin ta biyu da China ta gina ta fara aiki a 2011. Ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, an ƙaddamar da ita a 2021.

Ita ma Yamai ta samu nata wa'adin biki. A watan Yulin 2019 ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, inda aka ƙaddamar da yankin ciniki maras shinge na nahiyar. Domin wannan taro ne kamfanin Summa na Turkiyya ya sake gina filin jirgin sama na Diori Hamani, bisa yarjejeniyar zai riƙe shi shekara 30 ya maida kuɗinsa, ya kuma gina otal ɗin Radisson Blu. Indiya ta ɗauki nauyin zauren taro na Mahatma Gandhi, aka kuma yi sabon titi daga filin jirgin zuwa tsakiyar gari. A nan an ga wani salon biyan kuɗi dabam da na jihohi: bashi, kyautar ƙasashen waje, da haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Birnin ya samu masaukai da zauren da ke ba shi damar karɓar manyan taruka.

Rusau, da wanda ake biya diyya

Faɗaɗa titi a garin da ya riga ya cika yana nufin tayar da wani. A 2016 hukumomin Yamai suka shiga rushe shaguna da rumfuna da ke bakin manyan tituna da jikin katangun makarantu da asibitoci, kuma an ga irin haka a biranen jihohi gabanin bikinsu. Faransanci na kiran wannan déguerpissement. Masu tireda, teloli, masu gyaran babur da masu sayar da abinci su ne suka fi ji a jika.

A nan dokar ƙasa ta raba mutane gida biyu, kuma sanin bambancin yana da muhimmanci ga duk mai dukiya a birni. Wanda ke da haƙƙin mallaka a kan fili, idan gwamnati na bukatar wurin don amfanin jama'a, dokar ƙwace fili ta 24 ga Nuwamban 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ce sai an biya shi diyya ta adalci kafin a tayar da shi. Kundin tsarin mulkin 2010 ma ya tanadi haka. Amma gefen titi da filayen da aka keɓe wa jama'a mallakar hukuma ne. Izinin da ma'aikatar magajin gari ke ba mai shago ya zauna a irin wannan wuri na wucin gadi ne, ana iya janye shi kowane lokaci, ko da mutum ya shekara 20 yana biyan haraji da kuɗin wuri. Wannan ne ya sa masu shaguna da dama suka fito da rasiɗansu suna nunawa, hukuma kuma ta ce rasiɗin haraji ba takardar mallaka ba ce. A doka hukuma ce ke da gaskiya. Sai dai hukumar da ta shekara tana karɓar kuɗin wuri ba ta da bakin cewa ba ta san da zaman mutanen ba, kuma wuraren da aka nuna wa wasunsu su koma sun yi nisa da masu saye. Ba a daɗe ba teburori suka fara dawowa inda aka share, domin ciniki yana bin inda jama'a suke ne.

Matsalar kasuwa a tsakiyar Yamai ta ma girmi wannan rusau. Ƙaramar kasuwar da ake kira Petit Marché ta ƙone a 2012, ba a kuma mayar da 'yan kasuwar wurinsu a lokacin ba, da yawansu suka bazu a titunan da ke kewaye.

Yankan fili

Yayin da ake ƙawata tsakiyar gari, gefunansa ne ke girma. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Nijar sun kai miliyan 17.1, suna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, Yamai kuma ta ɗan haura miliyan ɗaya. A irin wannan sauri jama'a kan ninka cikin ƙasa da shekara 20. Nijar ba ta rasa takardun tsara birane ba. Akwai babban zanen ci gaban gari da ake kira SDAU a taƙaice, akwai kuma dokar 2017 da ta shimfiɗa ƙa'idojin tsara birane. Amma abin da ke gina gari a zahiri shi ne yankan fili, wato lotissement.

Ga yadda abin yake. Ma'aikatar magajin gari, ko wani mai zaman kansa da ya samu izini, kan karɓi gonaki a bakin gari daga hannun masu su na gado, a auna, a fitar da tituna a takarda, a yanka filaye. Masu gonakin a ba su wani kaso na filayen a madadin gonarsu, sauran a sayar. Ga ma'aikatar magajin garin da harajinta bai taka kara ya karya ba, sayar da fili shi ne hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi, har ta kai a farkon shekarun 2000 gwamnatin ƙasa da kanta ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Sakamakon shi ne unguwanni masu faɗi da aka yanka ba famfo, ba wuta, ba magudanar ruwa, wasu filayen ma an saye su ne don a ajiye har su yi daraja. Talakan da ba ya iya sayen irin wannan fili sai ya sayi wuri hannun mai gona kai tsaye, ya gina a inda hukuma ba ta yanka ba, kamar unguwar Pays-Bas da ke kan hanyar filin jirgin Yamai. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin, shi ma gine-gine sun ci wani ɓangare nasa.

Shirin Nyala da na 18 ga Disamba ba su taɓa wannan tsari sosai ba. Kuɗinsu daga sama yake zuwa, sau ɗaya, ga ayyukan da ake iya yanke wa ƙyalle. Kula da abin da aka gina kuwa, sharar titi, canza batirin fitila, yashe kwata, duk ya faɗa wuyan ma'aikatun magajin gari ne, waɗanda kasafinsu bai ƙaru daidai da sabon nauyin ba.

Ruwa: wanda ya yi yawa da wanda babu

Damina ce ke gwada aikin gari a Sahel. A 2012 kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai, aka kwashe wasu mazauna zuwa sabon matsuguni a Séno. A watan Satumban 2020, shekara guda da 'yan watanni bayan taron Tarayyar Afirka, kogin ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba, ya fasa madatsar Lamordé, ya mamaye unguwannin ƙetaren kogi. Daminar 2024 ta fi muni a faɗin ƙasa: mutum fiye da 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, har aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Maraɗi na cikin wuraren da suka fi shan wahala.

Ga Maraɗi wannan tsohon labari ne. Tsohon garin a cikin fadama yake, a bakin gulbi, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, Turawan mulkin mallaka suka mayar da mutane kan tudu suka zana musu tituna miƙaƙƙu. Wato garin da ake gani yau shi kansa ɗan shirin sake fasali ne, kuma ruwa ne ya haife shi. Amma ruwan saman da ke sauka a kan tudun dole ya gangara zuwa gulbi, kuma kowane sabon titin kwalta da kowane rufin kwano suna ƙara masa gudu. Magudanar ruwa aiki ne mai tsada, a ƙarƙashin ƙasa yake, ba ya fitowa a hoton biki. An yi wasu a gefen sababbin tituna, amma kwatar da ba ta haɗu da babbar mafita ba, ko wadda yashi da leda suka toshe, unguwar da ke ƙasa kawai take tura wa ruwan.

Damagaram kuwa ƙishirwa ce damuwarta. Garin na zaune a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi masa ƙaranci, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulki daga can zuwa Yamai a 1926. Daga nesa ake janyo masa ruwa, daga rijiyoyin Gogo da Machaya da Aroungouza, daga baya aka ƙara da na Ganaram. Zinder Saboua ta kawo tituna da gine-gine, amma da bazara ta yi tsanani har yanzu 'yan ga-ruwa da masu amalanke ne ke shayar da unguwanni da dama.

Tsofaffin unguwanni

Shirin bai cika shiga cikin tsofaffin unguwanni ba, inda lunguna ke da ƙunci kuma gidaje na ƙasa ne. A Agadas akwai dalili na doka: tun 2013 tsohon garin, da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 da fadar sarkin Abzin, yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, don haka ba a rushewa ko a yi gini da siminti yadda aka ga dama. Birnin Damagaram, unguwar fadar sarki, ba shi da irin wannan kariya, kuma gidajensa masu zane a bango suna bukatar yaɓe kowace shekara. A farkon Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, shekara shida bayan bikin da ya yi wa garin laƙabi da sabuwa.

Masu karatu a Ghana sun san wata hanyar dabam. A 2017 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikatar raya tsakiyar birane da zango-zango, da kuma asusun raya zango, inda aka nufi unguwa da mazaunanta kai tsaye maimakon ranar biki. An soke ma'aikatar a 2021, asusun ya ci gaba. Shi ma an yi ta ƙorafin ƙarancin kuɗinsa, amma aƙalla tambayar da ya fara da ita, wace unguwa ce aka bari a baya, tambaya ce da tsarin Nijar bai yi ba.

Bayan cikar zagaye

Da bikin Difa na 2021 kowane babban birnin jiha ya samu karɓar baƙi sau ɗaya a wannan zubi. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, takunkumin da ya biyo baya da janyewar wasu masu ba da tallafi suka rage kuɗin manyan ayyuka. A watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun birane da na ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su, ciki har da birane huɗu masu matsayi na musamman: Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram. A Oktoban wannan shekara aka canza wa wasu wurare suna a Yamai, titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary.

Ga 'yan Nijar mazauna Akara, Lome, Yawunde ko Njamena da ke aika kuɗi gida a saya musu fili, abin da ya fi shafar su a duk wannan shi ne takarda. Shaidar sayarwa da mai unguwa ko mai gari ya sa wa hannu tana nuna an yi ciniki, amma ita ce mafi rauni idan titi ya biyo ta wurin. Takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa a filin da aka yanka, acte de cession, ta fi ta ƙarfi, sai dai an sha samun fili ɗaya da takardu biyu a hannun mutum biyu. Cikakkiyar mallaka ita ce titre foncier, wadda ake yi wa rajista a ofishin kula da filaye na ƙasa, kuma tun tsakiyar shekarun 2000 aka fito da wani sauƙaƙan nau'inta mai rahusa, da aka ba sunan Hausa, Sheda. Kafin a biya kuɗi, ana iya zuwa ofishin filaye na birnin a duba zanen yankan, a tabbatar lambar filin tana ciki, kuma wurin ba hanya ba ce, ba filin makaranta ko na kasuwa ba ne, ba kuma mashigar ruwa ba.